Nana Asma'u 'Yar Shehu: Malamar Da Ta Naɗa Wa Mata Malfa

  A wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Sakkwato ne, mu dubi rayuwar Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya ƙara musu yarda.

Da wuya a sami wadda ba ta taɓa jin sunanta ba a cikinmu. Makarantun Islamiyya nawa ne aka sa wa sunanta? 'Ya'yanmu nawa ne ake kira Nana ko Ma'u? To amma idan aka ce a faɗi ayyukanta, sai ki ji an tsaya ga cewa malama ce, ta yi waƙoƙi. Haka ne, sai dai akwai sauran magana. Mu mata an san mu da son ado, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Zancen atamfa da leshi da shadda, da sabon yayin ɗinki da ɗaurin kallabi, ba ya ƙarewa a gidan biki ko gidan suna. Don haka yau ta ƙofar sutura za mu shiga tarihin wannan baiwar Allah. Za ki ga yadda ta tashi a zamanin da yafa mayafi laifi ne a wurin sarki, da yadda daga baya ta ɗauki malfa ta mai da ita shaidar ilimi da aikin taimako ga matan karkara.

Zamanin da mayafi ya zama laifi

Kafin a haife ta, mahaifinta ya daɗe yana yawon wa'azi a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi. Mata suna halartar majalisinsa, har wasu malamai suka yi masa ca a kan haka. Shi kuwa ra'ayinsa shi ne barin mace cikin jahilci ya fi fitarta neman ilimi ɓarna, matuƙar ta suturta jikinta kuma ta zauna gefe daban da maza. A littafinsa Nurul Albab ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a waje don a yabe su, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata kamar kayan aikin gida, a mora su, in sun lalace a jefar.

A wancan lokaci da ganin mutum kin san ɓangarensa. Almajiran Shehu maza suna naɗa rawani, matansu suna lulluɓi. Wajen shekarar 1788, da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami lokacin babbar salla, ya yi wa Shehu kyauta mai tsoka. Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi a ba shi abubuwa biyar a madadinta. Ɗaya daga cikin biyar ɗin shi ne a riƙa girmama duk wanda aka gani da rawani. Bawa ya amince. Amma da sarauta ta zo hannun Nafata, sai ya ga jama'ar Shehu sai ƙaruwa take yi, ya sa aka yi shela a kasuwa: ba mai wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, namiji kada ya naɗa rawani, mace kada ta yafa mayafi.

Uwargida, tsaya ki yi tunani a nan. Wannan mayafi da hijabi da kike ɗauka ki yafa ba tare da fargabar komai ba, akwai lokacin da iyayenmu suka yafa shi cikin tsoron dogarai. A cikin wannan yanayi Nana Asma'u ta buɗe ido.

Haihuwarta da tasowarta

An haife ta a Ɗegel a shekarar 1793. Tagwaye ne, ita da ɗan uwanta Hassan. A al'ada da sai a kira ta Husaina ko Hassana, amma mahaifinta ya zaɓa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar (RA), wadda ta raba ɗamararta biyu ta ɗaure guzurin Manzon Allah (SAW) da mahaifinta a daren hijira, har aka yi mata laƙabi da ma'abuciyar ɗamara biyu. Kin ga ke nan tun daga suna an haɗa ta da macen da ta sadaukar da suturarta don addini.

Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai sauran matan Shehu suka riƙe ta kamar su suka haife ta. Wannan ma darasi ne ga masu riƙon 'ya'yan kishiya. Gidan da ta tashi gidan karatu ne, maza da mata kowa da allonsa. Ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da hadisi da tauhidi da tasawwufi. Ta iya Larabci da Fillanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Gidan kuma gidan ƙana'a ne. An ruwaito cewa Shehu bai tara tufafi ba, 'yan kaɗan ne yake wankewa yana mayarwa, kuma yana tufka igiya don ya ci daga guminsa. Yarinyar da ta tashi tana ganin sarakuna na aiko wa mahaifinta dukiya yana mayarwa, ai ba za ta girma tana auna mutane da tsadar zanen da ke jikinsu ba.

Hijira da shekarun wuya

Tana da kimanin shekara goma sha ɗaya al'amura suka ƙazanta tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Fabrairu na 1804 suka bar Ɗegel suka yi hijira zuwa Gudu, ɗauke da yara da tsofaffi da littattafai. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tafkin Kwatto, Allah Ya ba jama'a nasara. Kafin shekarar ta fita kuma aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka rasa mutane kimanin dubu biyu, ciki har da mahaddata Alƙur'ani wajen ɗari biyu. Daga nan aka yi ta ƙaura, aka zauna ƙasar Zamfara, aka dawo Gwandu, ga yunwa ga cuta ga hare-hare. Sai a 1808 birnin Alƙalawa ya faɗi, yaƙin Gobir ya lafa.

Shekarun da 'yan matanmu na yau ke yin su ana tara musu kayan ɗaki, ita ta yi su ne a sansani, tana ganin zawarawa da marayu da masu rauni da idonta. Duk wanda ya bibiyi rayuwarta zai ga wannan abu bai taɓa barin zuciyarta ba. A cikin wannan hali, wajen 1807, aka ɗaura mata aure da Usmanu Giɗaɗo ɗan Laima, malami kuma aminin yayanta Muhammadu Bello.

A gidan Waziri

Shehu ya zauna Sifawa, sannan ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a watan Afrilu na 1817. Aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, Giɗaɗo ya zama Wazirinsa. Ga ta nan 'yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri. Gidanta gidan baƙi ne na kusa da na nesa. Ko Baturen nan ɗan Birtaniya, Kyaftin Clapperton, da ya zo Sakkwato a 1824, Giɗaɗo ne ya kula da saukarsa. Allah Ya ba ta 'ya'ya maza, daga cikinsu akwai Abdulƙadir wanda ya gaji mahaifinsa a wazirci. Daga wannan zuriya ce aka sami Wazirin Sakkwato Junaidu, masanin nan da ya rasu a 1997.

Macen da ke wannan matsayi, wane irin tufafi ne za ta nema ta rasa? A zamanin nan ƙasar Hausa ta yi suna wajen saƙa da rini. Baturen Jamus Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tambutu da Tarabulus. Ga turkuɗi mai sheƙi, ga saƙi, ga tsamiya, ga alharini da fatake ke ƙetarowa da shi ta hamada. Da ta so, da tarihi ya tuna ta a matsayin gimbiyar da ta fi kowa adaka. Amma abin da ta tara, ita da mijinta, shi ne rubuce-rubucen mahaifinta da suka warwatse saboda yaƙi da ƙaura. Suka tattara, suka adana, aka kwafa. Giɗaɗo ya rubuta Raudul Jinan a kan Shehu, ita kuma ta kama nata alƙalamin. Maigida da uwargida suna aikin ilimi tare, kowa na ƙarfafa ɗan uwansa. Allah Ya ba mu irin wannan zama.

Alƙalaminta

Tana da shekara 27, a 1820, ta rubuta Tanbihul Gafilina da Larabci. Daga nan ba ta ajiye alƙalami ba sai da ajali ya zo. Abin da aka tattara na ayyukanta ya kai wajen sittin. Hikimarta ita ce ta san wanda take yi wa magana. Idan da malamai take, sai ta yi Larabci, har ta yi musayar baitoci da wani malami baƙo daga Shingiɗi, a ƙasar Muritaniya ta yau. Idan da danginta Fulani take, ta yi Fillanci. Idan kuwa talakawa take nufi, musamman mata, sai ta yi Hausa mai sauƙi, cikin waƙa, yadda mace za ta haddace tana daka ko tana kaɗi.

Ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin baiti 30 kacal, don mai koyo ta riƙe su a ka. Ta mayar da waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa zuwa Hausa. Ta yi waƙa a kan mata salihai, ta faro daga iyayen muminai da 'ya'yan Manzon Allah (SAW), ta biyo ta kan su Rabi'atul Adawiyya, ta gangaro har kan matan da ta sani a garinsu. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani, don mace mai ciwo ko mai naƙuda ko mai fargaba ta sami madogara ta halal. Ta kuma tsara tarihin hijira da jihadi a waƙe, wanda ƙanenta Isa ya mayar Hausa, ita ce ake kira Waƙar Gewaye.

Malfa ta canja hannu

Yanzu mun zo kan zuciyar maganarmu. Bayan yaƙe-yaƙe, ƙasa ta cika da matan da ba su san komai na addini ba. Wasu kamammun yaƙi ne da aka shigo da su gidaje, wasu suna ƙauyuka da rugage inda babu malami. Abin da suka sani, in ciwo ya zo ko haihuwa ta ƙi ko kishiya ta dame su, shi ne bori. A masarautar Gobir kuwa bori yana da shugaba mace, ita ce Inna, 'yar gidan sarauta mai faɗa a ji. Daga cikin alamun girmanta akwai malfa. Mace ta ga wannan malfa ta san ta ga hukuma.

Nana Asma'u ta duba ta ga matsala biyu. Ta farko, matar aure mai goyo da hidimar gida ba za ta iya barin ɗakinta ta yi tafiyar kwanaki zuwa Sakkwato neman karatu ba. Ta biyu, ko an aika mata da malama, da me za ta gane cewa wannan malama abin saurare ce? Sai ta fito da tsarin da ya warware duka biyun, a tsakanin shekarun 1830 da 1840. A kowane gari sai a zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda ta wuce shekarun haihuwa, a naɗa ta shugaba. Sunan muƙaminta jaji, kalmar da fatake ke kiran mai jan ayari da ita. Jaji za ta taho da tsofaffi irinta da 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba, su zo wurin Nana su ɗauki karatu, su koma su shiga gida-gida su koyar da matan aure a ɗakunansu. Su ne ake kira 'Yan Taru.

Ranar naɗi kuwa, Nana tana ba jaji malfa, irin mai kumburin kai da ake saƙawa da lallausar ciyawa, a naɗe ta da jan ƙyalle kamar rawani. Dubi wannan basira, 'yar uwa. Ba ta ce a ƙone malfa don 'yan bori sun sa ta ba. Ta san idon matan ƙasar ya riga ya saba da girmama ta, sai ta ɗauke ta daga kan Inna ta ɗora a kan malama. Girman yana nan, ma'anar ce ta canja. Jiya mai malfa tana kiran iskoki, yau mai malfa tana koya miki alwala da salla da hukuncin jinin al'ada da na biƙi. Rawanin da Nafata ya hana maza, ga shi an wayi gari 'yar Shehu tana naɗa irinsa a kan malfar tsohuwa 'yar ƙauye.

Kuma kayan da ta zaɓa ba masu tsada ba ne. Ciyawa ce da ƙyalle, abin da kowane ƙauye zai iya samu. Malfa tana kare mai tafiyar ƙasa daga rana, ana hango ta daga nesa, duk wanda ya gamu da ayarin a hanya ya san waɗannan ɗaliban Nana ne, sai ya kama kansa. Maigidan da zai yi jinkirin barin baƙuwa ta shiga wurin iyalinsa, in ya ga malfa hankalinsa ya kwanta. Masu zanen tufafi na zamani suna ta maganar kayan da suka haɗa kyau da amfani da ma'ana. To ga wata ta yi shi a Sakkwato tun kusan shekara ɗari biyu da suka wuce.

Zare da zuma

'Yan Taru ba sa zuwa hannu rabbana. Kowace ƙungiya tana tahowa da sadakar da matan garinsu suka tara: hatsi, zuma, man shanu, zare, da ƙyallayen saƙa. Matar da ba ta sami zuwa ba, ta aiko da abin hannunta. Nana kuma ba ta tara waɗannan kaya don kanta, rabar da su take ga mabuƙata.

Ki tuna mene ne zare a wurin macen wancan zamani. Sai ta gurje auduga ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, sannan ta zauna da mazari da alli tana kaɗi, dare da rana, kafin ta tara abin kai wa masaƙi. Duk wannan ciniki na tufafi da ya ba Barth mamaki, tushensa yatsun mata ne a cikin ɗaka. Zare shi ne kuɗin mace, shi ne asusunta. Wadda ta ba da shi sadaka ta ba da kwanakinta ne. Ta haka matar da ba ta taɓa taka Sakkwato ba ta sami rabo a cikin suturta maraya da ciyar da miskini.

Idan sun koma gida kuma aikinsu bai tsaya ga karantarwa ba. Su ne masu zama da mai naƙuda, masu wankan gawar mace yadda shari'a ta tsara, masu duba marar lafiya, masu sulhunta ma'aurata da maƙwabta, masu share masallaci. Abin da ƙungiyoyin mata Musulmi ke yi a yau, na makarantun matan aure da ziyarar asibiti da tallafa wa marayu, ga asalinsa nan a ƙasarmu. Ba aro muka yi daga kowa ba.

Waɗanda ta yi wa kuka

Idan kina son ki san abin da mutum ya ɗauka da girma, ki saurari abin da yake yabo ga mamaci. Nana Asma'u ta yi marsiyyoyi da yawa. Ta yi wa Muhammadu Bello da ya rasu a Wurno a 1837, inda ta yabi tsoron Allahnsa da adalcinsa da gudun duniyarsa. Ta yi wa mijinta Giɗaɗo. Ta yi wa aminiyarta A'isha, matar Bello. Amma ba ta tsaya kan manya ba. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, mace mai kirki da son zumunci. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke taimakon masu haihuwa da wankan gawa da karantar da mata. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajojinta, wadda ta yi shekaru tana jawo ayarin mata zuwa gare ta.

Abin da take lissafawa a kansu shi ne haƙuri, kyauta, son ilimi, riƙon zumunci, da kyautata wa maƙwabci. 'Yar Shehu guda, matar Waziri, ta zauna ta tsara baitoci don kada a manta da talaka 'yar uwarta. Saboda alƙalaminta ne muke kiran sunayen waɗannan mata a yau, alhali matan attajirai da yawa na zamaninsu, masu tasa da murjani, ko sunansu ba a sani ba.

Rasuwarta da abin da ta bari

Ta ga zamanin Bello, da na Abubakar Atiku, da na Aliyu Babba, har zuwa na Ahmadu Atiku, kuma ba ta daina rubutu da karantarwa ba har tsufa. Allah Ya karɓi ranta a 1864 tana da shekara saba'in da ɗoriya, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta.

Aikin 'Yan Taru bai mutu da ita ba. Ƙanwarta Maryam ce ta ɗauka, kuma mu mutanen Kano muna da alaƙa da wannan baiwar Allah, domin ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ta zauna a gidan sarautar Kano kafin ta koma Sakkwato. Bayan Maryam wasu matan gidan suka ci gaba. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, suka yi mulkinsu suka tafi, jajoji suna nan da malfarsu. Wata Baturiya mai suna Jean Boyd, wadda ta yi shekaru da yawa tana koyarwa a Sakkwato, ta iske su suna aikinsu, ta zauna da su. Da taimakon Waziri Junaidu ta sami rubuce-rubucen Nana, ta fitar da tarihinta a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta tare da fassarar Turanci. Labarin ya ƙetare teku, har wasu mata Musulmi baƙaƙen fata a Amurka, a birnin Pittsburgh, suka kafa ƙungiyarsu da sunan 'Yan Taru, suna kiran shugabarsu jaji.

To mu fa?

Uwargida, ko kina Madadi ko Getso, ko Kutama ko Lakwaya, ko Garo ko cikin garin Kabo da Gwarzo, wannan tarihi naki ne, domin don matan karkara irinmu aka kafa 'Yan Taru. Babu wanda ya ce ki bar ado. Ki yi lalle, ki yi kitso, ki sa turare a ɗakinki, ki yi wa maigida kwalliya, akwai lada a ciki. Abin dubawa shi ne inda muka kai al'amarin. Yau biki ɗaya sai a fitar da anko kala biyu ko uku. Wata ta ci bashi, wata ta kwashe adashinta, wata ta sayar da akuyar da take kiwo, wata kuma ta tayar wa maigida da hankali har a kwana ba a magana, duk don kada a ce ba ta yi ba. Wadda ba ta da hali sai ta ƙi zuwa bikin 'yar uwarta saboda kunya. Tufafin da ya kamata ya haɗa mu ya koma yana raba mu. Bayan mako guda kuma a ninke shi a jefa ƙasan akwati.

Nana Asma'u ma ta fitar wa mata da kaya iri ɗaya, amma nata ankon ba da kuɗi ake samunsa ba, sai an yi karatu an kuma riƙe amana. Ga wasu abubuwa da kowane reshe na ƙungiya zai iya farawa ba tare da jiran kowa ba. Kafin ƙaramar salla, kowace mace ta buɗe akwatinta ta fitar da zane ɗaya mai kyau, wanda ita ma za ta so a ba ta, a tara a kai wa zawarawa da marayu cikin sirri. Masu keken ɗinki su ware yini guda su ɗinka wa marayun unguwa kayan salla. Mai iya saƙa ko ɗinkin hula ta ɗauki yarinya ɗaya ta koya mata. In za a yi anko, a zaɓi wanda mafi ƙarancin hali a cikin dangi za ta iya saya. Sannan a dubi matan da ba sa samun fitowa Islamiyya, saboda goyo ko jinya ko nisa, a sami dattijuwa mai karatu ta riƙa bin su har ɗaka, da izinin mazajensu. Ai aikin jaji ke nan.

Ku kuma iyayenmu mata da kuka aurar da 'ya'ya kuka huta, kada ku ce lokacinku ya wuce. Da irinku Nana ta yi aikinta. Kuma don Allah a karanta wa maigida wannan shafi, ya ji yadda Shehu ya tsaya a kan karatun mata, da yadda Waziri Giɗaɗo ya zame wa matarsa abokin aiki.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da mahaifinta da mijinta, da dukkan jajojin da suka taka ƙasa don ilimi ya iske mu har ɗaki. Allah Ya suturta mu duniya da lahira, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da mu lafiya a gidajenmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.